Merlene Ottey da Kaskon Ƙosai

Ƙosai ba ya daɗewa a cikin mai. A zuba ƙullu, ya nutse, ya taso, a juya shi, ya yi ja, a tsame. Kafin mai saye ya gama laluben canji a aljihu an riga an ƙunshe masa nasa a takarda. Wanda ke tsaye a bakin kasko iyakar abin da yake gani ke nan, shi ya sa yake ɗaukar sana'ar kamar wasa. Ba ya nan aka tsince wake. Bai ga jiƙo da surfe ba, bai ga wankin da aka yi ta yi ana zubar da dusa har hancin waken ya fita ba. Yana sharar barci aka aiki yarinya gidan inji da bokitin markaɗe, attaruhu da albasa a sama. Ko bugun ƙullun da ke sa hannu ya yi tsami, sai ƙarshensa yake tararwa.

Tseren mita 100 ma haka yake a idon ɗan kallo. A harba bindiga, mata takwas su fyalla, cikin sakan 11 an gama. Wanda ya sunkuya ɗaukar ruwa a lokacin, sai dai a ba shi labari. Ba a raina sana'ar ba, ana ma girmama ta, amma girmamawar duk a kan sakan 11 ɗin nan take, kuma a kan mutum ɗaya, wadda ta zo ta farko. Akwai wata mata 'yar Jamaika da rayuwarta ke nuna gurguntakar wannan awo namu. Sunanta Merlene Ottey. Ta fara wakiltar ƙasa a manyan gasannin ƙasa da ƙasa a 1979, ba ta daina ba sai 2012. Ta je gasar Olamfik sau 7, ta samo lambobi 9, azurfa 3 da tagulla 6. Babu zinare ko ɗaya. Har laƙabi 'yan jarida suka yi mata, Sarauniyar Tagulla, yabo ne rabi, ba'a rabi.

An haife ta ranar 10 ga Mayu, 1960, a ƙauyen Cold Spring da ke yankin Hanover, can yammacin tsibirin. Tana da shekara 16 ta saurari gasar Olamfik ta Montreal, inda ɗan ƙasarsu Don Quarrie ya ci zinaren mita 200, daga nan abin ya shiga ranta. A Jamaika kuwa yaron da gudu ya shiga ransa ba ya rasa inda zai koya, kamar yadda 'yar gidan mai ƙosai ba ta zuwa makarantar koyon suya. Kowace shekara makarantun sakandaren ƙasar na haɗuwa a birnin Kingston su yi gasar da suke kira Champs, filin wasa na ƙasa ya cika maƙil don kallon 'yan makaranta. Yaro na tashi ya ga yayansa na yi, malaminsa tsohon ɗan tsere ne, maƙwabta sun san lokacin da kowa ya yi bara. Ottey ta yi makarantun Rusea's da Vere Technical, sannan a 1979 ta samu gurbin karatu a Jami'ar Nebraska ta Amurka, ta bar ƙasar rana da teku ta faɗa cikin dusar ƙanƙara. Shekara ɗaya bayan haka, a Mosko, tana da shekara 20, ta zo ta uku a mita 200 bayan Bärbel Wöckel ta Jamus ta Gabas da Natalya Bochina ta Tarayyar Sobiyet. Ita ce mace ta farko daga tsibiran Karibiyan masu magana da Ingilishi da ta samu lambar Olamfik. Wanda ya ga wannan budurwa a ranar zai ce zinare na nan tafe, in ba a gasa ta gaba ba, a ta gaba da ita.

Aikin da ɗan kallo ba ya gani yakan fara ne tun watanni kafin a buɗe kakar wasanni. Ɗaga ƙarfe, hawan tudu da gudu, maimaita mita 300 har ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita, a huta mintuna kaɗan a sake. Sai kuma tashi, wato yadda za a ture matokarar ƙafa da ke kafe a ƙasa a fita a sunkuye, a riƙa ɗagowa a hankali. Ana maimaita shi ɗaruruwan lokuta don a rage abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Masu nazarin gudu sun nuna cewa ɗan tsere yana kaiwa ƙololuwar saurinsa ne a wajen tsakiyar hanya ko gaba kaɗan, daga nan kowa raguwa yake yi. Wanda muke gani kamar ya ƙara wuta a mita 20 na ƙarshe, ba ƙarawa ya yi ba, shi ne dai wanda ya fi jinkirin mutuwa. A nan Ottey ta fi ƙarfi. Doguwa ce, taku mai faɗi, kanta a miƙe, gudunta kamar ba ta wahala. Tashinta ne ba ya kai na gajeru masu tsalle kamar an harba su, shi ya sa mita 200 ta fi zama gidanta.

Duk macen da ta san ƙosai ta san ba a zuba gishiri a ƙullu gaba ɗaya. Takan ɗebi wanda za ta soya yanzu a ƙaramar roba, ta sa gishiri, ta buga shi har ya tashi ya yi sauƙi, ta zuba a mai nan take. In ta sa wa duka gishiri tun da asuba, kafin hantsi ƙullun ya saki. In ta buga ta ajiye, ya kwanta. In ta bari ya wuni, ya yi tsami. Mai kuma yana da nasa sharaɗin: bai yi zafi ba ƙosai ya sha mai ya yi nauyi, ya cika zafi baya ya ƙone ciki ɗanye. Gwaninta ita ce haɗuwar bugaggen ƙullu da mai da ya kai, a daidai lokacin da mai saye ya miƙo kwano.

Jikin ɗan tsere ba ya zama a ƙololuwa wata da watanni. Koci yakan lafta masa aiki mai nauyi, sannan in babbar gasa ta matso a sassauta, a rage yawa a bar kaifi, don gajiya ta fita ƙarfin ya rage. Makonni kaɗan ne wannan yanayi ke ɗorewa. A sassauta da wuri, ya kai ƙololuwa a watan Yuni alhali gasar a Agusta take. A makara, ya shiga fili da gajiya a cinya. Kuma babbar gasa ba tsere ɗaya ba ce. A zamanin Ottey zagaye huɗu ake yi a mita 100 cikin kwana biyu, sannan huɗu a mita 200, sannan tseren miƙa sanda. Dole a san yawan ƙullun da za a ɗiba a kowane zagaye. Ka ɗebi kaɗan a fitar da kai, ka ɗebi da yawa ka isa zagayen ƙarshe da roba wayam.

Abin da ya sa labarin Ottey ke da ciwo shi ne, a kasuwar yau da kullum babu kamarta. Tsakanin 1987 da 1991 ta yi nasara sau 57 a jere a mita 100. A 1990 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta zaɓe ta gwarzuwar shekara, kuma a shekarar ta lashe mita 100 da 200 a gasar ƙasashe rainon Ingila a Auckland. Zurich, Brussels, Oslo, duk inda aka kafa kasko ita ake yi wa layi. Sai ga gasar duniya ta Tokyo a 1991, kowa ya gama ba ta zinare biyu a baki. Katrin Krabbe ta Jamus ta kwashe duka biyun, Gwen Torrence ta Amurka ta zo ta biyu, Ottey ta uku a nan, ta uku a can. Makonni kaɗan bayan haka, a Brussels, ta yi mita 200 cikin sakan 21.64, mafi saurin da ta taɓa yi a rayuwarta. Ƙullun ya tashi, amma baƙin sun riga sun watse.

A gasar Olamfik ta Basalona a 1992 aka yi ɗaya daga cikin tsere mafi matsi a tarihi. Gail Devers 10.82, Juliet Cuthbert 10.83, Irina Privalova 10.84, Torrence 10.86, Ottey 10.88. Mata biyar cikin tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba, kuma ita ce ta biyar. A farkon wannan shekarar ce ta zama mace ta farko da ta yi mita 60 a ƙasa da sakan 7 a rufaffen fili, 6.96 a Madrid. A Fabrairun 1993 kuma, a garin Liévin na Faransa, ta yi mita 200 a rufaffen fili cikin 21.87, tarihin da ya haura shekara 30 ba a goge ba. Masu sharhi suka yi ta cewa zuciya ce ke cin ta a babbar rana. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wanda ya saba cin kowa, ranar da ya ji numfashin wani a kafaɗarsa jikinsa kan ɗaure, kuma ɗaurarren jiki ba ya gudu. Sai dai ni ina ganin an cika dogara da wannan bayani saboda yana da daɗin faɗi. Wadda ke tsere kusan kowane mako daga farkon bazara har ƙarshenta, tana cin kowa, ta riga ta sa wa ƙullunta gishiri tun da sassafe. Abokan karawarta wasu sukan ɓoye kansu, su fito sau kaɗan, su tara komai don mako ɗaya.

To me ya hana ta ita ma ta yi haka? Abinci. Mai ƙosai ba ta rayuwa da cinikin ranar suna ko na watan azumi kaɗai, da na kowace safiya take biyan kuɗin makarantar 'ya'ya. Lokacin da Ottey ta fara, a hukumance ma haramun ne ɗan tsere ya karɓi kuɗi, wai wasan sha'awa ne. Sai a farkon shekarun 1980 aka sassauta, a 1985 aka kafa jerin gasannin Grand Prix, masu shirya wasa a Turai suka riƙa biyan taurari kuɗin halarta da na nasara. Gasar duniya kuwa ba ta fara ba da kuɗi ba sai 1997, dala 60,000 ga mai zinare. A 1993 da 1995 mota ƙirar Mercedes ake bayarwa. Olamfik ba ta biyan ko sisi a lokacin. 'Yar ƙaramar ƙasa, wadda babu gwamnati mai ɗaukar nauyin horonta kamar 'yan Jamus ta Gabas, babu kuma manyan kamfanonin talla irin na Amurka a bayanta, jaka a hannu take rayuwa, daga otal zuwa filin jirgi, daga filin jirgi zuwa filin wasa. Shi ya sa ta tare a Turai, ta yi shekaru a Italiya, kusa da kasuwar.

Yanzu a matso kusa a ga Stuttgart, Agustan 1993. Shekararta 33, shekarun da yawancin 'yan tsere sun riga sun rataye takalmi. Zagayen ƙarshe na mita 100, Devers ta riga ta tashi kamar kullum, Ottey na cin tazarar taku bayan taku, suka faɗa layi tare. Agogo ya ba su lokaci ɗaya, 10.82. A dokar tsere ba kai ake dubawa ba, ba hannu ba, ba ƙafa ba, gangar jiki ce, daga kafaɗa zuwa ƙirji. Alƙalai suka duƙufa a kan hoton na'ura, 'yan kallo na jira, matan biyu na zagaye a fili ba wadda ta san ko murna za ta yi. Aka ba Devers, da tazarar kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Jamaika ta kai ƙara, aka kore ta. Kwanaki kaɗan bayan haka, a mita 200, Ottey ta fito daga kwana tana gaba da nisa, sai ƙafafu suka fara nauyi, Torrence na matsowa, ta kusa tuntuɓe a takun ƙarshe. Ta sha da ƙyar, 21.98 da 22.00. Zinarenta na farko ita kaɗai a gasar duniya ta waje, bayan shekara 13 da Mosko. Jamusawan da suka cika filin suka miƙe tsaye suna tafi mintuna, sun ƙi zama. Mutanen da ba ƙasarsu ɗaya ba ne suka fi kowa gane abin da suka gani.

A 1995 a Gothenburg ta sake samun zinaren mita 200, amma ta bayan gida: Torrence ce ta riga ta, sai aka soke ta saboda ta taka layin da ya raba hanyarta da ta maƙwabciya. Sannan Olamfik ta Atlanta 1996, inda abin Stuttgart ya maimaita kansa kamar an yi da gangan. Devers 10.94, Ottey 10.94. Hoto, jira, ƙara, kora. A mita 200 ta jagoranci tseren har kusan ƙarshe, Marie-José Pérec ta Faransa ta wuce ta, Mary Onyali ta Najeriya ta zo ta uku. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka, a Milan, tana da shekara 36, ta yi 10.74, mafi saurinta a mita 100. Da ta yi wannan a Atlanta da ba a nemi hoto ba.

A nan ne kwatancen namu ke ɗingishi, kuma gara a faɗa. A bakin kasko, wadda ƙosanta ya zo na biyu a unguwa ita ma takan sayar da nata tas ta kife kwando. Yaro ya zo ya ce, "Iya, a ba ni na ɗari biyu," ta ƙirga masa, ya tsaya yana kallonta, ta ce, "Kai dai ba ka tafiya sai da gyara," ta jefa masa ɗaya. Ba wanda ya taɓa zuwa da na'ura ya auna ya ce na Iya ya gaza na maƙwabciyarta da kashi ɗaya cikin dubu, don haka a manta da ita. Tsere ba shi da gyara. Kuma kuskure ɗaya ba ya gyaruwa da kasko na gaba. A gasar duniya ta Atina a 1997, wata ta yi riga-malam wajen tashi, aka harba bindiga ta biyu don a dawo. Doka ta ce duk wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan ƙarar bindiga ya yi satar tashi, don kunne da ƙafar ɗan Adam ba sa amsawa da sauri fiye da haka. Ottey ba ta ji bindiga ta biyu ba. Ta zuba gudu ita kaɗai har wajen tsakiyar fili kafin ta ankara, ta juyo tana takowa a hankali, kowa na kallonta. Da aka sake tashi ta zo ta bakwai. Ta riga ta zuba ƙullun a kaskon da ba a sa a lissafi ba.

Sai maganar algus. Kowa ya san akwai masu ƙara wa ƙullu gari don ya yi auki, ko su sa masa abin kumburi ya fito ƙato alhali ciki iska ce. Mai gaskiya na gefe tana mamakin yadda mudun wake ɗaya ke ba maƙwabciyarta abin da ita sai ta jiƙa biyu. Ottey ta yi ƙuruciyarta a zamanin da algus ya fi yawa a tarihin tsere. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989, takardun da aka tono sun nuna gwamnatin Jamus ta Gabas da kanta ta tsara ba dubban 'yan wasanta ƙwayoyin ƙara ƙarfi, har da yara mata da ba su san abin da ake ba su ba. A Mosko 1980, a Helsinki 1983, a Rum 1987, 'yan wannan ƙasa ne suka ɗauki zinare a tseren da Ottey ta zo ta biyu ko ta uku. Krabbe da ta kayar da ita a Tokyo, a 1992 aka same ta da sinadarin clenbuterol aka dakatar da ita. Ba a sake rabon lambobin waɗancan shekaru ba, kuma ba za a sake ba.

Amma wanda zai kawo wannan hujja don kare Ottey dole ya kawo ta 1999. A watan Yulin shekarar, bayan wata gasa a Lucerne ta Suwizalan, aka ce an ga sinadarin nandrolone a fitsarinta. Ta janye daga gasar duniya ta Seville, ta ce ba ta san zancen ba. Hukumar ƙasarta ta wanke ta, hukumar duniya ta ƙi yarda ta kai maganar gaban kwamitin sasanci, a tsakiyar 2000 kwamitin ya soke tuhumar saboda ɗakin gwajin bai yi lissafin kaurin fitsarin yadda ya kamata ba. A shari'a ta fita fes. A bakin mutane kuwa, kowa ya san yadda unguwa take. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa mai ƙosai na algus, ko mai unguwa ya zo ya duba ya ce ƙarya ne, akwai gidajen da ba za su sake aiken yaro wurinta ba. Masu shakka na cewa ta tsira ne da kuskuren ma'aikata, masu goyon bayanta na cewa kuskuren ma'aikata ne ya jefa ta ciki tun farko. Abin da ke rubuce shi ne an wanke ta, kuma cikin shekaru sama da 30 na gwaje-gwaje wannan ne kaɗai ya taɓa tasowa.

Shekarar da ta ɓata tana shari'a ita ta haifar da rikicin Olamfik ta Sydney. A gasar zaɓen 'yan wasan Jamaika ta 2000 ta zo ta huɗu a mita 100, kuma mutum uku ake ɗauka. Hukumar ƙasar ta cire Peta-Gaye Dowdie, matashiyar da ta lashe zaɓen, ta sa Ottey, bisa hujjar cewa yarinyar ba ta kan ganiyarta a lokacin. Wasu 'yan tawagar Jamaika suka ɗaga kwalaye a masaukin 'yan wasa suna neman a fitar da Ottey. A ganina an zalunci Dowdie. Ta cika sharaɗin da aka gindaya, kuma wuri a bakin titi ba gadon kowa ba ne, in yarinya ta zo da kaskonta ta bi ƙa'ida ba a ce mata tashi don tsohuwa ta fi ki suna. Amma laifin na masu rabon wuri ne. Ɗaga wa mace mai shekara 40 kwali a gaban duniya, macen da ta ɗauki tutar ƙasar shekara 20 lokacin da babu mai ɗauka, wannan rashin ta-ido ne. Ta shiga tseren, Marion Jones ta yi musu fintinkau da 10.75, Ottey ta zo ta huɗu da 11.19, kashi ɗaya cikin ɗari bayan 'yar ƙasarsu Tayna Lawrence. A tseren miƙa sanda ita ta karɓi ta ƙarshe, ta kai Jamaika ga azurfa bayan Bahamas. Cikin waɗanda suka yi gudun da ita akwai Veronica Campbell, 'yar shekara 18, wadda ita ma ta yi makarantar Vere Technical, kuma ba a haife ta ba sai shekara biyu bayan tagullar Mosko.

A 2007 Marion Jones ta amsa a gaban kotu cewa ta yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinta. A 2009 kwamitin Olamfik ya sake rabo, Ottey ta koma ta uku. Haka lambarta ta tara ta iso, shekara 9 a makare, ba filin wasa, ba taken ƙasa, kuma tagulla ce.

Kafin nan ta riga ta ɗauke kaskonta ta koma wata unguwa. A 1998 ta tare a Lubliyana, babban birnin Sulobeniya, tana horo ƙarƙashin koci Srđan Đorđević, a 2002 ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa. Mu ba baƙin wannan ba ne. Francis Obikwelu ya bar Najeriya ya ciyo wa Fotugal azurfar mita 100 a Olamfik ta 2004, Glory Alozie ta koma Sifaniya, wasu sun tafi Katar da Baharen. Mukan ce sun ci amanar ƙasa, ba ma tambayar waye ya biya kuɗin asibiti ranar da suka ji rauni. Na Ottey ya ɗan bambanta, don ba kuɗi ta bi ba. Sulobeniya ƙasa ce mai mutum kusan miliyan biyu, ba ta da abin da za ta saye ta da shi. Abin da ta ba ta shi ne wurin da ba za a ce mata tsohuwa matsa ba. A Jamaika mai shekara 42 ba ta da gurbi, don bayanta 'yan mata ne jingim. A Sulobeniya ita ce ta ɗaya.

Kuma Jamaika ba ta yi asara ba. Campbell ta ci zinaren mita 200 a Atina a 2004, a Beijing a 2008 Shelly-Ann Fraser da Sherone Simpson da Kerron Stewart suka kwashe lambobin mita 100 duka. Abin da Ottey ta nema shekara 20 ba ta samu ba, ƙannenta suka riƙa ɗauka kamar a ƙofar gida. Ƙasar ma ta huce, ta kafa mutum-mutuminta a harabar filin wasa na Kingston a 2005, alhali tana sanye da rigar wata ƙasa.

Akwai masu cewa da ta tsaya a Atlanta da ta fi daraja, cewa abin da ya biyo baya zubar da girma ne. Ban yarda ba. Wannan magana ta ɗan kallo ce, wanda ke son labari ya ƙare a inda ya fi masa daɗi. Ba mu taɓa zuwa wurin dattijuwar da ta shekara 30 tana suya mun ce mata ta bari don ƙosanta na bana bai kai na zamanin ƙuruciyarta ba. In hannunta na iya bugu, mai na zafi, mutane na saye, ina ruwan wani? Lissafin ma yana bayanta. Tana da shekara 40 ta yi mita 100 cikin 10.99. Tana da 44 ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Atina, ta bakwai a rayuwarta, inda yawancin abokan karawarta sa'o'in 'ya'yanta ne. A 2008 ta nemi zuwa ta takwas, lokacinta ya gaza ƙa'idar shiga da kaɗan. Tana da 50 ta yi 11.67, lokacin da 'yan mata da yawa masu shekara 20 ke horo kullum ba su kai ba. A shekarar ta shiga tseren miƙa sanda a gasar Turai a Basalona, birnin da ta zo ta biyar shekara 18 da suka wuce. A 2012 a Helsinki, tana da 52, ta sake karɓar sanda ta ƙarshe wa Sulobeniya. Ba su kai zagayen ƙarshe ba.